Wutsiyar Sanda a Gonar Baba Arzika

Ku samarin yanzu da kuke goya famfon feshi kuna ratsa gonakin Kurfai da salula a kunne, na ji kuna cewa feshi ba sana'a ba ce, yawo ne kawai. Ban ga laifinku ba. Naku famfon yana huci yana zubar da ruwa kowa na gani. Mai gona ya ga ganye ya jiƙe ya koma gida hankali kwance, ko da ruwan rijiya zalla kuka fesa masa. Ni abin da aka damƙa mini ranar da na shiga aikin nan ba ya ƙara, ba ya jiƙa ganye, ba ya nuna komai. Kana tafe cikin gonar mutum da sanda a hannu, shi kuwa yana kallon ƙeyarka yana lissafin ta ina za ka cuce shi.

Sandar ta roba ce, tsawonta kamar ta makiyayi, a cikinta akwai pil irin na tocila. A kanta ake ɗaura kwalbar magani a kife. Maganin mai ne, ba a gauraya shi da ruwa, kwalbar kuma baƙa ce a rufe tun daga inda aka yi ta, ba a ganin cikinta. In ka danna maɓalli da babban yatsa, ƴar wutar pil ɗin nan sai ta haɓaka cikin sandar ta taru a bakin kwalba. Man ya tsatso, wutar ta ja shi ya zama zare-zare da suka fi gashin jariri siranta, zaren ya tsittsinke ya zama ɗige-ɗigen da ido ba ya kamawa. Kowane ɗigo yana ɗauke da wuta, yana gudun ɗan'uwansa yana neman ganye. Ba faɗuwa yake ba, zuwa yake yi. Sai ya lanƙwasa ya shiga ƙarƙashin ganyen wake inda ƙwari ke ɓuya, kamar saurayin da ya san ta ƙofar baya ake samun ganin budurwa. Daga gindin sandar kuma akwai wata doguwar waya tsirara mai jan ƙasa a bayan mutum. Ita muke kira wutsiya.

A Filinge muka yi koyo, a bayan magaza, ɗakin ajiyar malaman gona, lokacin da wani furoje, irin shirin nan na taimakon manoma, ya kawo sandunan ya ce kowane ƙauye ya turo saurayi guda da ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko. Malaminmu Sumana, muna ce masa Mushe Sumana yadda ake kiran malamai da Faransanci, Bazabarme mutumin Damana, Hausarsa tana tuntuɓe amma ba ta faɗuwa. Bai bar mu muka taɓa kwalba ba sai da muka gaji da koyon tafiya. I, tafiya. Ya kafa kara can gaba ya ce ka zuba masa ido, ka tafi da taku ɗaya, ba sauri ba nawa, iska tana zuwa daga gefe tana kore maganin daga jikinka.

"Mai feshi ba ya waiwaye," in ji shi. "Ka waiwaya, kafaɗa ta juya, sanda ta juya, ka fesa wa kanka. Ko uwarka ta kira ka daga baya, sai ka kai ƙarshen kunya."

Ya ba mu takalman roba masu tsawo har gwiwa. Sannan ya ɗaga wutsiyar ya nuna mana. "Wuta baƙuwa ce, tana son hanyar komawa gida. Gidanta ƙasa. Wannan ita ce hanya. Kar ta bar ƙasa." Bai gaya mana yadda jikin mutum ke ji in ta bar ƙasar ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ranar ƙarshe ya tashe mu da sassafe, rana ta ɗan leƙo daga bayan dutse. Ya sa wani ya riƙe baƙar laima a buɗe, ya tsayar da mu inda hasken ke zuwa a karkace, ya danna maɓalli a kan wani ɗan tsiro. Nan na fara ganin abin da nake shirin yi da rayuwata. Wani hayaƙi ne siriri mai launin zinariya yake fitowa daga bakin kwalba, ya buɗe kamar mayafi, ya sunkuya ya rungume ganyen ta sama ta ƙasa. Rana na ɗagawa kaɗan ya ɓace, alhali yana nan yana fita. Mushe Sumana ya ce, "Kun gani. To ku riƙe shi a ka, don masu gona ba za su gani ba."

Gonar farko da na fesa ta wani mahauci ce a ƙauyenmu. Tun ban kai tsakiyar kunya ba na ji shi yana kiran maƙwabcinsa: "Zo ka ga ɗan lakwal shina yi wa wake addu'a da sanda!" Da na gama ya shafa ganye ya duba tafinsa, ya shinshina, ya lasa ma, kafin in hana shi. Ya ce ba komai. Ya ce a gaya wa masu furoje in iska suke rabawa, muna da tamu. Sai da ya ga furen wakensa ya tsaya bai zube ba sannan ya daina yi mini waƙa, amma har ya mutu bai yarda sandar ce ba. Cewa yake shekarar ce ta zo da sauƙin ƙwari. Haka masu gona suke, kuma ban ce ba su da hujja ba. An sha kawo musu abubuwa a mota ana cewa alheri ne.

Da rana ta take ba a feshi, iska mai zafi tana ɗauke ɗigon sama. Lokacin nake zama gindin gawo in zaro littafin soyayya daga aljihu, irin waɗanda wani ɗan kasuwa ke kawowa daga Kano ranar kasuwar Filinge. Na karanta su har bangonsu ya yi laushi. A cikinsu, duk saurayin da ya haɗa ido da wadda Allah ya rubuta masa, tsikar jikinsa tashi take, bakinsa ya bushe, ya koma gida ya kwanta ciwon kai. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Sai mummunar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke daidai hatsi na fitar da kai, zangarniya ta tsaya fara ba ƙwaya. Daga Abala har Tondikandiya zancen ɗaya ne. Abin da ya rage wa mutane shi ne wake, don shi yana haƙuri da raɓa da ɗan danshin fadama. Wanda wakensa ya yi zai sayar ya sayi hatsi, ya ba dabba harawa. Wanda nasa bai yi ba, sai ya rufe ɗaki ya bi hanyar kudu. A shekarar nan har masu yi mini dariya suka riƙa zuwa ƙofar gidanmu tun da asuba.

Gonar Baba Arzika tana bakin fadama, ita ce mafi kyawun wake a ƙauyen. Dattijo ne dogo marar yawan magana, ba ya rabuwa da wata busasshiyar sandar gora. Shi ne mahaifin Zali, wadda baffannina suka riga suka kai gaisuwa a kanta, aka ce a bari sai an ga kaka. Ba zan ce komai game da Zali ba, wannan labarin aiki ne.

Da na iso ya dubi sandata daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan wutsiya.

"Wagga hwa, ta mi ce?"

"Ta wuta ce, Baba. Sai tana taɓa ƙasa aikin ke yi."

"Ƙasar wa?"

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Bai yi ba. Ya ce zai bi ni a baya ya ga aikin, na ce bismilla, sai dai ya ɗan ja nesa. Na kafa karana, na duba iska, na danna. A can ƙarshen kunya, daidai inda na zuba ido, Zali ce tsaye da ƙwaryar fura a ka.

Ban yi nisa ba na ji gashin hannuna ya miƙe. Wani abu yana yi mini tsam-tsam daga yatsu har wuya. Bakina ya bushe ya yi ɗaci. Na ce a raina, ashe masu littafi ba ƙarya suke ba. Na gama gonar ban waiwaya ba ko sau ɗaya, na koma gida na kwanta da ciwon kai ina murmushi. Da na komo feshi na biyu, lokacin da wake ke ɗaure ƴaƴa, haka aka sake yi: dattijo a baya, Zali a gaba, tsikar jiki, ɗacin baki. A sauran gonaki ban taɓa jin haka ba, kuma a sauran gonaki babu Zali, to me zai sa in yi shakka?

Waken kowa ya kama, na Baba Arzika ya lalace. Fure ya zube kamar an karkaɗe shi, ɗan abin da ya ɗaure tsutsa ta huda shi. Gonar da aka fi sa wa rai ta koma ganye zalla.

A ƙauye ba a tuhumar mutum da baki tukuna. Gaisuwa ce take gajarcewa. Wanda da yake tambayarka gida da gajiya da dabbobi sai ya tsaya a "lahiya lau" ya wuce. Daga nan na ji an ce an ga irin kwalabenmu ana sayarwa a kasuwar Abala. Sannan maigari ya aiko a kawo masa kwalaben da aka yi aiki da su, don kowace gona da tata kwalba gwargwadon girmanta, da alamar mai ita a jiki. Ya riƙa ɗauka yana girgizawa a kunne. Duk sun yi fayau. Ya ɗauki ta Baba Arzika, ta ce ƙulum. Ya auna ta a tafinsa, ya miƙa wa na kusa da shi, ta zaga hannun dattawa har ta dawo. Fiye da rabi yana ciki.

Ni ma na lura da nauyinta tun a gona, na ɗauka albarka ce.

"Isuhu," in ji maigari, "mutane sun ce ka yi tahiyar banza cikin gonar mutum, yatsanka bai taɓa maɓalli ba, don ka rage na kaiwa Abala."

"Ranka ya daɗe, wallahi na danna."

"To ina maganin ya tahi? Ga shi nan zamne cikin kwalba."

Ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai mayar da sandar Filinge da kansa, ya gaya wa malaman gona ƙauyensa ba ya son ɓarawo. Washegari dai aka ga goron gaisuwar baffannina ya dawo gidanmu a cikin ƙwaryarsa, ba a ko kwance shi ba.

Kwanakin nan ni ma na zargi kowa. Na zargi mai tebur da ya sayar mini da pil, na ce tsofaffi ya goge ya ba ni. Na zargi wani ɗan baffana da ya so a tura shi koyo aka tura ni. Na zargi Mushe Sumana, na ce wataƙila lalatacciyar kwalba ya haɗa ni da ita yana sane. A kan wannan na ƙarshe na tsaya, don ita kaɗai ce mafitata: in bakin kwalbar a toshe yake, to ba laifina ba ne. Na je na roƙi maigari ya bar ni in gwada ta gaban jama'a, a gonar da abin ya faru, da sassafe, yadda aka nuna mana a Filinge.

Ƙauye duka ya fito, har da waɗanda ba su da wake. A gefen fadama akwai sauran ganye kore. Na ce ina son baƙin ƙyalle, ba wanda ya motsa. Can daga cikin mata aka miƙo wani sabon zane baƙi na rini, hannu zuwa hannu, ba a ce na wa ba ne. Na san shi, na Zali ne. Mutum biyu suka riƙe shi a miƙe bayan tsiron, na tsayar da jama'a inda hasken zai zo musu a karkace. Na shimfiɗa wutsiya a kan yashi mai raɓa, na yi bismilla, ina roƙon Allah a zuciyata kada komai ya fito.

Na danna. Hayaƙin zinariya ya fito, ya buɗe, ya sunkuya ya rungume ganye. Bai taɓa yin kyau irin na ranar ba.

Mata suka yi salati. Mahaucin nan ya ce, "Kai! Ashe da abu ciki!" Na ɗan lokaci an manta da ni, kowa ya saki baki. Sai wani daga baya ya ce, "To ga ta tana hita lahiya lau. Ashe kwalba ba ta da laihi." Da hannuna na tona ramina.

Maigari ya ce, "Ba a tsaye ka yi aikin ba. Tahi mu gani, yadda ka yi rannan."

Ya je ya tsaya a ƙarshen kunya. Masu zane suka jera da ni a gefe. Baba Arzika ya koma bayana, inda ya saba. Na zuba wa maigari ido a madadin kara, na ɗaga ƙafa.

Taku kaɗan na yi gashin hannuna ya miƙe. Tsam-tsam daga yatsu har wuya, ɗaci a baki. Abin da ke gabana kuwa fuskar maigari ce, da gemunsa da haƙorinsa guda da goro ya rina. Duk littattafan da na karanta babu inda aka ce wannan yana tayar da tsikar jiki. A jikin baƙin zanen na ga hayaƙin ya tsinke, ya koma ɗan tsiyaye, ɗan abin da ke fita kuma ya rasa hanya, yana juyowa yana neman hannuna.

Ranar na karya dokar Mushe Sumana. Na saki maɓalli, na waiwaya.

Baba Arzika yana tafe a sunkuye, ya rataya ƙarshen wutsiyar a kan sandarsa ta gora, ya ɗaga ta sama da ƙasa kamar mai ɗauke da maciji. Ba ɓoyewa yake ba. Fuskarsa ta mutumin da ke yin abin da ya dace ce.

"Baba," na ce, "mi kake yi?"

"Ina hana ta zane. Ba a ja mini layi cikin gona." Ya dubi jama'a. "Kun manta? Ina yaro masu awo suka zo da sarƙa suka ja ta cikin gonar ubana, suka ce ba komai, aune ne kawai. Ina rabin gonar yanzu? Mota ka bi ta kai. Tun rannan na rantse ƙarhen gwamnati ba ya sake jan ƙasata ina raye."

Dattawa suka gyaɗa kai, don sun tuna.

Na ce, "Baba, don Allah aje ta ƙasa." Ya aje ta. Na danna, hayaƙi ya buɗe ya sauka kan ganye. Shi da kansa ya sa gora ya ɗaga, hayaƙin ya mutu. Ya aje, ya dawo. Ya ɗaga, ya mutu. Ya yi ta yi, jama'a na kallon zane suna kallon gorarsa, har mahauci ya kasa daurewa ya ce, "Baba Arzika, ai ka kashe wake, kar ka kashe muna yaro." Wasu suka fara dariya suka haɗiye ta, don gonar da muke tsaye a ciki abincin gida guda ce ta shekara.

Dattijo ya tsaya yana duban wutsiyar a kan yashi. Na jira ya ce wani abu mai kama da ban haƙuri. Abin da ya ce shi ne, "To mi ya sa take son ƙasata haka?"

Maigari ya miƙo mini hannu, bai ambaci Filinge ba, ni ma ban tuna masa ba. A shekarar, kowane gida da na fesa wa ya auna wake ya kai gidan Baba Arzika, ba wanda ya kira shi sadaka. Goron gaisuwa ya koma gidan su Zali, a cikin ƙwaryar da ya dawo.

Na yi shekaru ina fesa masa gona bayan nan. Ya bar wutsiya ta ja ƙasa, amma bai taɓa barin ta ita kaɗai ba. Yana biye da ni da reshen sabara, yana share layin da ta zana tun kafin iska ta taɓa shi, kunya bayan kunya, har ƙarfinsa ya ƙare. Daga baya furoje ya tashi, kwalabe suka daina zuwa, muka koma famfo irin naku. Sandar tana nan a soke cikin rufin ɗakina, wutsiyar a naɗe.

Don haka in kun shiga gonar mutum, kafin ku taɓa famfo, ku tambaye shi abin da aka taɓa yi wa ubansa a cikinta. Ni ban tambaya ba, na yi dariya.

Zali kuwa, da na ba ta labarin tsikar jikin nan bayan an kawo ta, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Har yau, da jikoki a tsakar gida, in na dube ta na ce tsikar jikina ta tashi, ba ta ko ɗago kai daga tsintar wake. Cewa take, "Waiwaya dai, mai sanda. Wani ya ɗaga maka wutsiya."